Abubuwan da ya kamata ka sani game da auna haske wajen ɗaukar hoto

Duk wanda ya taɓa karɓar hotunan biki ya san wannan takaicin. Ango ya sha farar shadda, aikin wuya ya fito tsaf har ana iya ƙirga zarensa, amma fuskar ta dushe, sai haƙora da fararen idanu. A hoto na gaba fuska ta fito, shaddar kuma ta zama farin fili, babu aiki babu karin guga. Nan da nan sai a ɗora wa kyamara laifi, ko a ce mai hoton bai sayi babba ba. Galibi kuwa lafiyar kyamarar ƙalau. Ta auna haske, ta yi lissafi bisa wani zato guda ɗaya da aka gina ta a kai, ta yanke hukunci. Wanda ya san wannan zaton zai san lokacin da zai bi ta da lokacin da zai ƙi.

Abubuwa uku ne ke riƙe da hasken hoto

Na farko ƙofar da ke cikin lens, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Ana rubuta girmanta da harafin f: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Lambobin suna rikita sabon shiga, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na biyu tsawon lokacin da labulen kyamara yake a buɗe: 1/60 na daƙiƙa, 1/125, 1/250, har sama. Na uku ISO. Shi ba ya ƙaro haske ko ɗis, ƙarfafa wanda ya riga ya shigo kawai yake yi, shi ya sa idan aka ɗaga shi da yawa a cikin duhu hoto ke yin tsaki-tsaki.

Dukkansu da ma'auni ɗaya ake lissafa su, wato mataki. Mataki ɗaya yana nufin ninki biyu, ko rabi. Daga f/8 zuwa f/5.6 haske ya ninka. Daga 1/250 zuwa 1/125 ya ninka. Daga ISO 200 zuwa 400 hoton ya ƙara mataki ɗaya. Saboda haka f/8 da 1/250 daidai suke da f/5.6 da 1/500, daidai da f/4 da 1/1000, daidai da f/11 da 1/125. Haske iri ɗaya ne, hoton ne ke bambanta. Mai ɗaukar sukuwar dawakai a Hawan Daushe zai zaɓi 1/1000 don ƙafafun doki su tsaya cak. Mai ɗaukar dangi sahu uku zai zaɓi f/11 don na baya ma su fito sosai. Mitar haske tana faɗa maka jimilla ne kawai, rabon naka ne.

Mitar tana zaton komai ruwan toka ne

Nan ne gundarin maganar. Mitar da ke cikin kyamara ba ta auna hasken da ke sauka a kan abu, wanda abin ya mayar ta cikin lens take aunawa. Farin yadi yana mayar da mafi yawan hasken da ya same shi. Baƙi yana shanye kusan duka, ya mayar da ɗan kaɗan. To idan haske kaɗan ya iso wa mitar, ba ta da hanyar sanin ko baƙin yadi ne a rana, ko farin yadi ne a cikin ɗaki mai duhu. Adadi kawai take gani.

Masu ƙera kyamara sun warware wannan da zato: a ɗauka cewa idan aka cakuɗa fari da baƙi da sauran launukan da ke gaban kyamara, matsakaicinsu zai zama ruwan toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Mutum zai ce me ya sa ba kashi 50 ba, tunda tsakiya ake nema? Dalili shi ne ido ba ya ƙirga haske ɗaya bayan ɗaya, ninki-ninki yake gane shi, kuma a wurin ido kashi 18 ne ke zama tsakanin fari da baƙi. Kamfanin Kodak ya daɗe yana sayar da kati mai wannan launi don masu hoto su riƙa aunawa a kai. Masu bin diddigi za su ce kamfanoni da yawa suna saita mitocinsu kusa da kashi 12 ko 13. Haka ne, amma bambancin kusan rabin mataki ne, bai isa ya hana kowa barci ba.

Zaton yana aiki a yawancin lokuta. Kasuwa, titi, gona da damina, taron mutane masu kaya kala-kala, duk idan aka haɗa suna faɗawa kusa da tsakiya. Inda yake rushewa shi ne inda fari ko baƙi ya rinjaya. Ka gwada da kanka: ka cika fuskar kyamara da farar takarda ka ɗauka, sannan ka cika ta da baƙar abaya ka ɗauka. Hotunan biyu za su fito kusan launi ɗaya, toka-toka. A na farko mitar ta ga haske ya yi mata yawa ta rage, a na biyu ta ga ya yi kaɗan ta ƙara.

Maganin yana jin kamar an juya shi. Idan fari ya yi yawa a gabanka, ƙara haske za ka yi, mataki ɗaya zuwa biyu. Idan baƙi ya yi yawa, ragewa za ka yi. Maɓallin da ke da alamar +/- don wannan aka yi shi, kuma a ganina babu maɓallin da masu hoto suka fi yi wa rowar yatsa kamarsa. Filin idi cike da fararen riguna yana son +1, wani lokaci fiye. Mawaƙi a kan dandamali da dare, duhu ya kewaye shi, yana son -1 ko -2, in ba haka ba mitar za ta yi ƙoƙarin haskaka duhun, fuskar mawaƙin ta ƙone.

Wasu suna ganin idan suka koma tsarin M, inda mutum ke saita komai da hannu, sun tsira. Idan abin da suke yi shi ne juya lambobi har allurar da ke ƙasan allo ta zauna a kan 0, to ba su tsira ba, hukuncin mitar suka aiwatar da hannunsu. Wannan 0 ɗin ba ya nufin daidai, ruwan toka yake nufi.

Wane ɓangare na hoton take kallo?

A da mitar daban take da kyamara. A 1932 kamfanin Weston na Amurka ya fitar da ɗaya daga cikin mitocin lantarki na farko, mai aiki da sinadarin seleniyam, ba ta buƙatar batir. A 1963 kyamarar Topcon RE Super ta Japan ta zo da mita mai auna hasken da ya ratso lens ɗin kansa, Pentax Spotmatic ta biyo a 1964 ta yaɗa abin a duniya. A 1983 Nikon FA ta raba fuskar hoto gida biyar, tana auna kowanne daban ta kwatanta. Kyamarorin yau suna raba ta gida dubbai, suna gane launi, suna gane fuskar mutum.

Daga wannan tarihi aka gaji zaɓi uku da za ka gani a kusan kowace kyamara. Akwai mai duba ko'ina ta yi nata hasashen, wadda Nikon ke kira Matrix, Canon ke kira Evaluative, Sony ke kira Multi. Ita ce ta yau da kullum, kuma ta fi yawan dacewa, sai dai ba ka san lissafin da ta yi ba, don haka ba kullum kake iya hango inda za ta kuskure ba. Akwai mai fifita tsakiya, tsohon yayi, ba ta da wayo amma halinta ɗaya ne kullum. Sai mai auna ɗigo, wadda ke duba ɗan ƙaramin wuri, kashi kaɗan cikin 100 na hoton, ta manta da saura.

Mai auna ɗigo ita ce ta ƙwararru, kuma ita ce ta fi ɓata wa mutane hoto, domin duk inda ka ɗora ta sai ta mayar da wurin ruwan toka. Ba ta da amfani sai ga wanda ya riga ya yanke a ransa yadda yake son wurin ya fito. Wannan tunani ne Ansel Adams da Fred Archer suka tsara a Amurka wajen 1940. Sun raba haske gida 11, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 10 wanda shi ne fari fat, kowane gida mataki ɗaya. Gida na 5 shi ne ruwan tokan mita. Na 3 shi ne duhun da har yanzu ake ganin abin da ke cikinsa. Na 7 shi ne farin da bai rasa saƙarsa ba. Aikace-aikacensa mai sauƙi ne: kana son aikin babbar riga fara ya fito, ka ɗora ɗigon a kan rigar, ka ƙara mataki biyu a kan abin da mitar ta ce, ka kai ta gida na 7 ke nan. Kana son inuwar cikin zaure ta zauna da duhunta amma a ga tabarma, ka auna can ka rage mataki biyu.

Baƙar fata da farin kaya

Littattafan koyon hoto da yawa suna cewa ka auna fuska ka ƙara mataki ɗaya. Da farar fata suke magana, wadda ta fi ruwan toka haske da kusan mataki guda. Mai wankan tarwaɗa yana kusa da tsakiya, don haka abin da mitar ta faɗa a kan kumatunsa ba shi da nisa da gaskiya. Wanda ya fi duhu yana ƙasa da tsakiya da mataki ɗaya ko fiye. Idan ka ɗora ɗigo a goshinsa ka bi mitar ido rufe, za ta ɗaga shi zuwa toka, fuskar ta fito fururu, kayan da ya sa kuma su ƙone.

Masana'antar hoto ta daɗe ba ta yi lissafi da irin fatarmu ba. Daga shekarun 1950 Kodak ya riƙa raba wa wuraren wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa Shirley, da shi ake saita launin injin wanki. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta bi tarihin wannan kati a wani bincike da ta wallafa a 2009, inda ta kawo cewa cikin waɗanda suka matsa a gyara yadda fim ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da kayan katako da masu cakulan, domin hajarsu ba ta fitowa a talla. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Ko a 2021, da Google ya fitar da wayar Pixel 6, ɗaya daga cikin abubuwan da ya yi talla da su shi ne cewa kyamararta ta koyi ɗaukar baƙar fata. Katin Shirley na wanki ne, ba na mita ba, amma tushen ɗaya ne: wani ya zauna ya yanke abin da za a kira daidai.

A aikace wahalar ba ta fatar ita kaɗai ba ce, ta tazara ce. Tsakanin farar shadda a rana da fuskar da hula ko rawani ya yi wa inuwa da tsakar rana akwai matakai masu yawa, kuma babu saitin da zai gamsar da su biyun. Juya lambobi ba zai rage tazarar ba, sai an taɓa hasken kansa. A matsar da mutum inuwa mai buɗaɗɗen gaba, irin bakin zaure ko gefen katanga, ya fuskanci fili. A sa yaro ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske fuska. Ko a kunna filasha da rana tsaka, a rage ƙarfinta, ta cike inuwar ƙarƙashin ido.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: siffar baƙar fuska sheƙi ne ke fitar da ita. Haske mai faɗi, kamar na sararin sama ta ƙofa ko na farin bango, yana kwanciya a goshi da kumatu ya zana su. Ƙaramin haske mai ƙarfi ɗigon ƙyalli kawai yake bari. Wanda ke shakka ya nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida. Fuskoki baƙaƙe, kaya farare da masu zane, kowanne ya fito da cikarsa. Ni dai ban ga hikimar ƙara haske har mutum ya canza launi don a faranta masa ba, ko da yake na san masu hoton biki suna shan wannan roƙo, kuma mai biyan kuɗi ba a cika yi masa gardama ba.

Mitar hannu

Akwai mitar da zaton ruwan toka bai dame ta ba. Ita ce ta hannu mai farin ƙoƙo a kai, irin ta Sekonic. Ana kai ta gaban fuskar wanda za a ɗauka, ƙoƙon ya kalli kyamara, sai ta auna hasken da ke sauka a wurin. Ba ruwanta da launin riga ko na fata: fari zai fito fari, baƙi ya fito baƙi. Masu fim da masu situdiyo har gobe suna amfani da ita. Wanda ba shi da ita, katin ruwan toka zai yi masa aiki iri ɗaya. Wanda ba shi da kati ya auna tafin hannunsa a cikin hasken da mutumin yake, bayan ya taɓa gwadawa ya san tazarar tafin nasa da tsakiya. A wurin yawancin mutane tafi ya fi tsakiya haske da kusan mataki ɗaya.

Rana, hazo da wata

Hasken rana ba ya canzawa sosai, shi ya sa tsofaffin masu hoto ke aiki ba mita. Ƙa'idarsu ita ce: rana tsaka, sama garau, ka sa f/16, gudun labule kuma ya yi daidai da lambar ISO. A ISO 100 ke nan 1/100 ko 1/125. Gajimare mara kauri f/11, lumshi f/8, hadari ko inuwa f/5.6. Amfaninta a yau shi ne ta zama abin bincike. Idan kana tsaye a rana kyamara ta ba ka lissafin da ya yi nisa da wannan da mataki uku, wani abu ya ruɗe ta.

Hazon hunturu yana da nasa hali. Sama takan yi fari fat, kuma idan ta cinye rabin hoton mitar za ta rage haske, mutanen da ke ƙasa su yi duhu. Ka sunkuyar da kyamara ka auna ba tare da sama ba, ka kulle awon da maɓallin AE-L, sannan ka ɗaga ka ɗauka. Ladan hazon shi ne yana tausasa inuwa, har ana iya ɗaukar fuska da azahar ba tare da ramukan ido sun yi baƙi ba.

Wata kuwa kusan kowa ya taɓa ɗaukarsa ya samu farin dunƙule. Mitar ta ga baƙar sama ta buɗe ƙofa, alhali shi watan rana ce ke haska shi. Cikakken wata yana son kusan f/11 da 1/100 a ISO 100. Jinjirin wata ya fi haka rauni nesa ba kusa ba, sai an ƙara masa matakai. A 1941 Ansel Adams ya tsaya a gefen hanya kusa da ƙauyen Hernandez a jihar New Mexico, wata na fitowa, rana na faɗuwa, ya nemi mitarsa bai gan ta ba. Kamar yadda ya bayar da labari, adadin hasken wata da ya haddace ya yi lissafi da shi, ya ɗauki hoto ɗaya, kafin ya ɗauki na biyu rana ta bar kan kaburburan da ke gaba. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a aikinsa.

Kada ka yarda da allon bayan kyamara

Allo yana yaudara. A rana komai duhu yake nunawa, sai ka ƙara haske ka ƙona hoto. Da dare komai ƙyalli yake yi, sai ka koma gida ka tarar da duhu. Abin dubawa shi ne histogiram, wani zane mai kama da tsauni da kyamara ke nunawa. Hagu baƙi ne, dama fari, daga 0 zuwa 255. Babu siffar da ake kira daidai: hoton dare zai taru a hagu, na filin idi a dama. Abin tsoro shi ne tsaunin ya jingina da bangon dama ya hau, alamar wani wuri ya kai 255, babu sauran bayani a cikinsa. Yawancin kyamarori suna iya sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa, wasu kuma su zana masa layuka, abin da menu ke kira Zebra. Ka kunna shi. Idan ƙyallin gilashin mota ne ke ƙyaftawa, ƙyale shi. Idan goshin amarya ne, rage.

A zamanin fim na nagetif, ƙarin haske bai cika yin illa ba, ƙarancinsa ne ke kashe hoto, don haka inuwa ake aunawa. Dijital akasin haka take: inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, musamman idan an ɗauka a tsarin RAW, inda manyan kyamarorin yau ke riƙe mataki 12 zuwa 14 a ƙaramin ISO. Farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan. Sai dai ɗago inuwa yana da farashi, domin a nan tsaki da gurɓatar launi ke taruwa, kuma idan fuskar mutum ce a cikin inuwar, ita za ta biya.

Idan waya ce a hannunka

Lissafin bai canza ba, an dai ɓoye shi. Taɓa fuskar mutum a allo yana gaya wa wayar inda za ta auna. A iPhone wata 'yar alamar rana takan fito a gefe, ka ja ta sama ko ƙasa, wannan shi ne +/- ɗinka. Yawancin wayoyin Android suna da makamancinta. Idan ka danna ka riƙe, awon zai kulle. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su, shi ya sa sukan riƙe sama da fuska a lokaci guda, amma idan mutum ya ba taga baya har yanzu gara ka juya shi ya fuskance ta.

Cikin zauren biki

Hasken rana tsaka ya ninka na ɗakin taro sau ɗaruruwa, ido ne kawai ba ya nuna maka. Ga kuma matsalar da mita ba ta gani: wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa, musamman masu arha, suna ƙyaftawa sau 100. Idan gudun labule ya wuce haka sosai, hoto ɗaya zai fito da haske, na kusa da shi da duhu, ko a ga ratsi-ratsi a kwance. 1/100 ko 1/50 yakan magance shi. Idan ƙaramin janareta ne ke ba da wuta, juyawarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka gwada ka duba.

Filasha mai auna kanta ita ma zaton ruwan toka take bi. Takan yi ɗan ƙyalli kafin na ainihi ta auna abin da ya dawo, don haka farar riga, duwatsun leshi ko madubi a bayan kujerar amarya duk suna sa ta rage ƙarfi. Sannan haskenta yana raguwa da sauri: wanda ke nisan mita 2 yana samun ninki huɗu na wanda ke mita 4, tazarar mataki biyu ke nan. Abin da ke sa na gaba ya ƙone na baya ya nutse ke nan. Ka ɗaga kan filashar ya kalli silin, hasken ya bazu ya sauko a kan kowa, ka ɗan ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 don fitilun ɗakin su ma su shiga hoton. Ka dai fara duba silin ɗin. Idan masu ado sun lulluɓe shi da jan yadi ko shuɗi, launin zai sauko a kan fuskokin mutane, sai ka nemi farin bango a gefe, ko ka ɗaura farin kati a kan filashar.